Shekarar da Na Huda Allon Kakanmu

Na san abin da kuka ji. Kun ji an ce Malam, kakanku, ya kore ni daga Gagarawa saboda wani zarto, wasu ma sun ƙara da cewa ya yi mini baki. Baki dai bai yi mini ba, wannan ku cire shi daga ranku tun yanzu. Batun kora kuwa, zan rubuta muku abin da ya faru yadda na gan shi, ku duba da kanku, domin ni da abin ya faru a kaina, sama da shekara hamsin ke nan ban gama gane shi ba.

Turawa ba su tafi ba tukuna a lokacin. Ina da shekara kamar ashirin da biyar, na yi aure, yayarku Binta tana goye a bayan mahaifiyarku. Ni ne ɗan fari a wurin Malam, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba. Tun da na koyi ɗinki yake ce mini Tela, Inna ma ta bi bakinsa. Gidanmu gidan karatu ne tun daga kakanmu, ni ma na yi sauka, na ɗan taɓa littattafai, sai dai kaina bai zauna a kan karatu ba kamar na ƙanena Habu. Malam bai matsa mini ba. Abin da ya ɗora mini kawai shi ne in zauna a zaure da safe in biya wa masu karatu, sannan in kama sana'ata. Da kakar gyaɗa nakan kai keken ɗinkina Gagarawa Tasha, in kafa rumfa kusa da inda ake awo, in yi wa manoma da 'yan dako ɗinki.

A nan na san akawun tasha, wani mutumin kudu mai fara'a, Hausarsa gutsi-gutsi. Ni nake yi wa 'ya'yansa riguna. Da aka yi masa canjin wurin aiki, ranar da zai tashi, sai ya aiko in zo. Na tarar da kayansa a ɗaure a bakin layin dogo, can gefe kuma ga wani abu a tsaye mai ƙafafun ƙarfe uku. Yana da wurin takawa da ƙafa da igiyar fata, sak irin na keken ɗinki. Amma inda allura ya kamata ta kasance, hannuwa ne biyu na katako dogaye, suna riƙe da wani siririn ƙarfe kamar tsinken tsintsiya, ya ratsa ta tsakiyar ɗan faranti. Akawu ya ce wani Bature ne ya bar masa, shi kuma kaya sun yi masa yawa. Ya zauna, ya ɗora guntun katako, ya taka, ƙarfen nan ya shiga hawa da sauka, kafin in ƙifta ido ya yanko mini abu mai kama da ganye. Na tambaye shi me ake yi da shi, na sayarwa ne ko na gyaran jirgi. Ya yi dariya.

"Ba don kuɗi ba, Tela. Don daɗi."

Jirgi ya yi kuka, ya miƙo mini gwangwanin taba cike da siraran zartuna a naɗe cikin takarda mai maiƙo, da ɗan mahuji mai murɗawa, da naɗin takardu masu zane. Iyakar karatun da na samu a kan abin ke nan. Na ɗora shi a jaki na kai gida, ina tafe ina juya maganarsa. A garinmu ban san namiji babba mai iyali da yake aiki da hannunsa don daɗi ba. Aiki ko dai na ci ne, ko na lada.

Satin farko ban yanka komai ba sai yatsana. Na samo tsofaffin akwatunan shayi a wurin masu kanti a tasha, na ɓalle su, katakonsu siriri ne mai hawa uku. Ina takawa sai katakon ya riƙa tsalle yana bugun farantin, zarton ya tsinke. Na ƙare guda tara kafin in shafa da yatsa in gane cewa haƙoran ƙasa ya kamata su kalla, ni kuwa sama nake juya su. Daga baya na koyi ɗaure shi daidai, in taɓa shi in ji ya yi ƙara kamar tsirkiyar molo. Na koyi cewa ba zarton ake juyawa ba, katakon ake juyawa, kuma ba a tura shi da ƙarfi, bari ake yi ya ci da kansa. Nakan manna takardar zanen a kan katako da ƙaron da Malam yake haɗa tawada da shi, in bi layi. Abin da ya gagare ni shi ne ramukan da ke tsakiyar zane. Ta ina zarto zai shiga tsakiya bai yanko daga gefe ba? Kwana huɗu ina zaune ina kallon takarda. Mahaifiyarku ce ta kawo mini fura, ta tsaya ta dubi mahujin da na ajiye ban san amfaninsa ba, ta ce:

"Kai da kake zura zare a allura kullum? Huda wurin mana, ka kwance bakin zarton ka zura shi ta ciki."

Haka kuwa ake yi. Na ji kunya, na kuma ji daɗin da ban taɓa ji a ɗinki ba.

Takardun nan su ma wani ruɗani ne. Rubutun jikinsu na boko ne, ba na karanta shi a lokacin, saboda haka nakan yanka abu in haɗa shi ban san ko mene ne ba. Na farkon da na gama wani abu ne mai baya dogo da aljihu biyu a gaba, duk jikinsa ganyaye. Na kai shi tsakar gida aka kewaye shi. Inna ta ce mazubin ludayi ne. Gwaggo Asabe, ƙanwar Malam da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ta ce a'a, wurin ajiye mataji da kwalli ne. Habu ya juya shi sama da ƙasa ya ce shi dai bai ga abin da zai hana a hura wuta da shi ba. Sai bayan shekaru na ga irinsa a wani ofis a Gumel an cusa wasiƙu a ciki. Inna ta rataye shi a ɗakinta ta zuba ludayi, amma ta kira ni gefe ta tambaye ni, wannan abu sana'a ce ko wasa. Na ce ban sani ba. Ta ce in sana'a ce ina mai saye, in wasa ne ai na wuce wasa. Duk da haka ban fasa ba. Kullum bayan la'asar, da na rufe keken ɗinki, sai in koma kan wancan a bayan ɗakina har a kira magariba.

Malam bai ce komai ba tsawon wata biyu. Wata rana ya biyo ta bayan ɗakin, ya tarar na manna zanen wata dabba mai kama da barewa, ƙahonninta kamar rassan bishiya. Ya tsaya ya duba, ya ce kada in yanka abu mai rai a gidansa, ya wuce. Bai ce in daina ba, bai ce in ci gaba ba. Na ware takardun da ke da tsuntsaye da dabbobi, su ne suka fi yawa, na ba mahaifiyarku ta naɗe daddawa da su. Da sauran suka ƙare sai hankalina ya koma kan zayyana, wato adon da ake zana wa allon mai sauka. Tun ina yaro hannuna ya fi na kowa iya ta a gidanmu, ita kaɗai ce abin da na fi Habu. Sai na ce a raina, me zai hana a yanke zayyanar ta ratsa katakon gaba ɗaya, haske ya bi ta ciki?

Na gwada sau uku a katakon akwatin shayi, yana zuwa wurin ƙananan kusurwoyi sai ya ɓare. Ina bukatar itace na gaske, mai ƙarfi, siriri. A saman zaurenmu, tsakanin azara da rufi, akwai tarin tsofaffin alluna da suka tsage ko suka gaji, ƙura ta rufe su. Wata Alhamis, ba karatu, Malam ya tafi ta'aziyya Ɗanzomo, na hau turmi na laluba. Na zaro wani can ƙarshe, shi kaɗai a naɗe cikin tsumma. Na aduwa ne, ya yi baƙi, wanki ya cinye shi har ya zama siriri kamar faifai, santsi kamar an shafa masa mai. Babu ko harafi ɗaya a jikinsa.

A nan ne nake so ku yi mini adalci, ni ma zan yi wa kaina. An sha tambayata ko na san allon wane ne. Nakan ce ban sani ba, kuma gaskiya ne babu wanda ya taɓa nuna mini shi ya ce ga na kakanka. Amma na ga tsumman. Mutum ba ya naɗe abin da ya yar. Na tuna na tsaya a kan turmin nan da allon a hannuna, wani abu ya ce mini mayar, wani ya ce dubi kyan itacen. Har yau ban san ko rashin sani ne ya sa na sauko da shi ba, ko kuwa na ƙi sani ne da gangan.

Kwana goma sha ɗaya na yi a kansa. Na zana zayyanar da alƙalami, na huda ramuka fiye da ɗari, kowanne sai na kwance zarto na zura na ɗaure. Itacen yana yankuwa kamar sabulu, garinsa ja yana zuba a kan ƙafata. Ban taɓa yin abu mai kyansa ba, kafin nan ko bayan nan. Da na gama na goge shi da man gyaɗa, na ɗauka na nufi zaure da hantsi, ina murna, niyyata in ba Malam kyauta.

Yana zaune a kan buzunsa shi da Habu. Na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa, ya juya bayansa, ya shafa wuyan allon da babban yatsansa inda akwai wata 'yar tsohuwar tsaga da aka ɗaure da zare. Sai na ga Habu ya sunkuyar da kai. Malam ya ɗaga allon wajen ƙofa, hasken rana ya ratso ta ramukan ya zubo masa a fuska da gemu. Ya daɗe a haka. Sannan ya tambaye ni wa ya koya mini, na ce babu kowa. Ya ce a kan wannan allon mahaifinsa ya yi karatu a gabas, da shi ya dawo a rataye, a kansa kuma shi ma aka fara rubuta masa. Muryarsa ba ta tashi ba. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu, ya sake duban allon, ya ce:

"Tela, gidan nan ya yi maka kaɗan."

Ya tashi ya shiga da shi ɗakinsa. Ban sake ganin allon ba, ko bayan rasuwarsa da aka fito da kayan ɗakin.

Maganar nan ta raba gidanmu. Inna ta ce fushi ne, ta san mijinta, in ya yi sanyi haka to abin ya kai maƙura, in je in kwanta a gabansa, in kuma jefa keken zarton a rijiya. Gwaggo Asabe ta ce Inna ba ta san ɗan'uwanta ba, ita ta ga idonsa da ya shigo, yabo ne, nufinsa hannu irin nawa ya fi ƙarfin ƙauye. Habu ya ce babu wani yabo, na huda abin da ba ya toshewa, in da shi ne da kunya ta hana shi kwana a garin. Na tambayi mahaifiyarku, ta ce ita a ganinta Malam kansa bai san wanne yake nufi ba, in je in tambaye shi kawai. Na ce ta ina ɗa zai tsare mahaifinsa ya ce fassara mini maganarka?

Shi kuwa Malam bai canza komai ba. Ina gaishe shi yana amsawa, muna cin tuwo a akushi ɗaya, ina biya karatu da safe yana gyara mini inda na yi tuntuɓe kamar kullum. Nakan saci kallon fuskarsa in nemi fushi in rasa, in nemi yarda in rasa. Na rufe keken zarton da buhu, sati uku ban taɓa shi ba, ban kuma ga alamar ya lura ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. Na yi wa wani mutum wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Tun shekarar da ta gabata Kawu Isa, yayan Inna da ke fataucin fata a Maigatari, yake aiko mini in koma wurinsa, ya ce kasuwarsu tana bukatar tela. Ban taɓa ɗaukar maganar da muhimmanci ba. Yanzu sai na haɗa ta da ta Malam, na ce ai ga ma'anar nan. Na same shi bayan sallar azahar na ce ina so in koma Maigatari. A raina jira nake ya ce wa ya aike ka, zauna. Ya dube ni.

"Kana so?"

"E, Malam."

"To. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka."

Shi ke nan. Na fito daga zauren, ban san ko an sallame ni ba ne ko ni na sallami kaina. Inna ta yi kuka, ta ce na zaɓi ƙarfe na bar ubana. Habu ya karɓi karatun safe bai ce mini uffan ba, daga nan kuma makarantar ta zama tasa, shi ya sa kuka tashi kuka ga 'ya'yansa a gidan ba ku ba. Ban taɓa jin haushin wannan ba, ya fi ni cancanta. Abin da ya dame ni shi ne mun yi shekaru muna gaisawa kamar maƙwabta.

A Maigatari ɗinki ya karɓe ni. Ranar kasuwa har mutanen Damagaram sukan kawo yadi. Na ajiye keken zarton a ƙuryar shago, da farko ina jin nauyinsa, daga baya na koma masa. Zartunan Akawu suka ƙare, na koyi yin nawa da ƙarfen cikin tsohon agogo, ina fitar da haƙoran ɗaya bayan ɗaya da magagari. Wani masassaƙi ya riƙa fere mini aduwa siriri, abin da da na yi tunaninsa tun a gida da ban hau turmi ba. Na yi gidajen madubi, da akwatunan turare, da marfin taga. Ban taɓa sayar da ko ɗaya ba, kyauta nake yi, mutane suna mamaki. Nakan je Gagarawa gaisuwa, Malam ya tambaye ni kasuwa da lafiyar Binta, in tambaye shi gona, in dawo.

Bayan shekara ɗaya da rabi, ana saura kwana goma babbar salla, ina cikin ɗinki na ɗaga kai na gan shi tsaye a ƙofar shago da sandarsa. Ya ce sun biyo mota ne da maƙwabta sayen rago. Raguna kuwa akwai su a Gagarawa. Na shimfiɗa masa tabarma, mahaifiyarku ta aiko da abinci, ya ci kaɗan. Sai ya nuna ƙurya da sanda ya ce in buɗe ya ga yadda ake yi. Na ɗora katako na taka, yana zaune dab da ni yana kallo har na fitar da fure ɗaya. Ya ce in tashi. Ya tattare rigarsa, ya zauna a kan kujerar, ya ɗora ƙafarsa. Ban taɓa ganin Malam a kan wani abin aiki ba in ban da fartanya. Ya taka, ya tura katakon da ƙarfi kamar yadda kowa yake yi da farko, zarton ya tsinke. Ya janye hannunsa da sauri, ya ce ya yi mini ɓarna. Na ce ba komai, kullum yana tsinkewa. Ya ɗauki guntun ya duba haƙoran, ya tambaye ni ko ni na yi su, na ce ni ne. Ya gyaɗa kai.

Da la'asar na raka shi tashar mota ina jan ragon da ya saya. An ɗora kaya, maƙwabtanmu sun hau suna jiransa. Ya sa ƙafa ɗaya a kan matakin, sai ya juyo.

"Tela, me ya sa ka tafi?"

"Malam, ai cewa ka yi gidan ya yi mini kaɗan."

"Na faɗa. Na ɗauka za ka zo ka tambaye ni."

Bakina ya buɗe. Amma ga mutanen garinmu a saman mota sun zuba mana ido, direba yana ta danna ƙaho. Na ji nauyin in tambaye shi a gabansu. Shi ma ya dube su, ya ce ba komai, idan na zo salla ma zauna. Na tallafa masa ya hau.

Ban je salla ba. Ɗinki ya yi mini yawa har safiyar idi, kwana biyu bayan nan kuma mahaifiyarku ta haifi Sani, ta sha wuya. Na aika da gaisuwa na ce ina nan tafe bayan suna. Bayan suna damina ta kankama, hanya ta lalace, na ce bari a yi kaka. Gero yana fitar da kai aka aiko Malam ba shi da lafiya, kwana uku ke nan. Na bi motar da na samu zuwa Gumel, daga can na ari keke. Da na iso ƙofar gida na ga mutane zaune a kan tabarmi, ƙafafunsu da jar ƙasar maƙabarta.

Sai da jama'a suka ragu na sami Habu shi kaɗai a zaure. Na zauna kusa da shi. Can na tambaye shi ko Malam ya bar mini wata magana. Ya ce ya tambaya sau biyu ko na iso. Ya ce shi da Inna sun ce masa in akwai saƙo ya faɗa musu su isar.

"Me ya ce?"

Habu ya share fuskarsa da hannun riga.

"Ya ce a bari, shi zai faɗa maka da kansa."